Motar Da Ta Rasa Ƙarfi: Bayani A Kan Injin Tarbo Domin Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da Malaman ofisoshinsu, da dukan wanda aka danƙa wa amanar motar aiki a gunduma. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin motocin da a ke rangadi da su yanzu suna da wata na'ura a jikin injinsu wadda a ke kira tarbo. Sau da yawa mota irin wannan ta kan wayi gari ba ƙarfi, direba ya taka totur har ƙasa amma ta riƙa jan jiki kamar doki mai ciwon ƙafa. Da an kai ta gareji, maganar da a kan fara ji ita ce, "Ranka ya daɗe, tarbo ya mutu, sai an sayo sabo." Alhali kuwa tarbo yana cikin kayan inji mafiya tsada, kuma ba kullum ne laifin ya ke wurinsa ba. Ta yiwu wani tiyo ne ya tsage, ko kuwa ƙura ce ta toshe hanyar iska.

Ba a nufin Hakimi ya zama makanike. Abin da a ke nufi shi ne ya san tambayoyin da zai yi, da irin amsar da ta kamata ya karɓa, kafin ya sa hannu a takardar fitar da kuɗin jama'a. Har wa yau akwai maganar rai a ciki, gama motar da ƙarfinta ya kan yanke ba zato tana iya yanke shi sa'ad da direba ya fita hannunsa zai wuce tirela, ko kuwa sa'ad da aka ɗauko majiyyaci da dare za a kai shi asibiti.

1. Yadda Tarbo Ya Ke Aiki

Inji ba ya samun ƙarfi sai ta wurin ƙona mai, mai kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. A injin fetur, kowane awo ɗaya na mai yana bukatar iskar da ta ninka shi nauyi kusan sau 15 kafin ya ƙone sarai. Saboda haka iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da ya iya haɗiya. In an ƙara mai ba a ƙara iska ba, baƙin hayaƙi kawai za a samu.

Kowa ya san abin da zuga-zugi su ke yi wa wutar maƙeri. Gawayin bai canja ba, amma da an soma zuga sai wuta ta yi ƙarfin da za ta tausasa ƙarfe. Aikin tarbo ke nan a jikin inji, sai dai shi ba ya bukatar yaron zuga. Fanka biyu ne a kan sandar ƙarfe guda, kowace a cikin gidanta. Ta farko tana kan hanyar hayaƙin da ke fita daga inji, hayaƙin nan shi ke juya ta. Da ya ke sandarsu ɗaya, sai ta biyu ita ma ta juya, ta zuƙo iska daga waje, ta matsa ta, ta tura ta cikin inji. Wannan matsin iska shi ne asirin ƙarfin motar. Iskar da ke kewaye da mutane a bakin teku tana da matsi na ba 1, watau ma'aunin da kanikawa ke aiki da shi. Tarbon motar yau da kullum ya kan ƙara rabin ba zuwa ba ɗaya da rabi a kan wannan, gwargwadon ƙirar injin.

Sai a lura da abu biyu. Na farko, gudun fankokin nan ya wuce misali, gama su kan yi juyi 150,000 a minti ɗaya, na ƙananan motoci ma su kan haura 200,000. Na biyu, hayaƙin da ke juya su a injin fetur zafinsa ya kan kai digiri 900 ko fiye. Abin da ya raba sandar nan da ƙarfen da ta ke juyawa a cikinsa shi ne ɗan siririn baƙin mai da famfon inji ke turowa. In baƙin man ya yanke ko na 'yan daƙiƙoƙi ne, ko ya zo da datti, to, ɓarna ta auku.

Akwai mataimaka uku da ya kamata a san su. Iska in an matsa ta sai ta yi zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da auki, don haka a kan bi da ita ta cikin wani lagireto na iska da ke gaban mota ko bisa inji, ta huce kafin ta shiga. Sa'an nan akwai wata 'yar ƙofa a gefen hayaƙi, wadda ta kan buɗe in matsi ya kai iyakarsa, ta karkatar da wani sashi na hayaƙin kada fanka ta wuce kima. A injunan gas na zamani da dama, maimakon ƙofar nan, wasu 'yan fikafikai ne kewaye da fanka, suna buɗewa suna tsukewa. Na uku ita ce kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira burenbos. Ita ke karɓar labari daga sensa iri iri, ta ƙayyade mai, ta kuma ba ƙofar nan umurni.

2. Asalinsa A Taƙaice

Wani injiniya mutumin Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. An fara cin moriyarta a manyan injunan jiragen ruwa da na jiragen sama, daga baya ta shiga manyan motoci. A 1962 aka fitar da ƙananan motocin farko masu tarbo a Amurka, watau Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza. A 1978 kamfanin Mercedes-Benz ya fitar da 300SD mai injin gas da tarbo. Yanzu kuwa, saboda neman rage shan mai, masu ƙera motoci sun koma yin ƙaramin inji su haɗa masa tarbo. Toyota Hilux mai shan gas tana da shi. Land Cruiser da aka fitar a 2021 ta bar injin silinda 8 ta koma mai silinda 6 da tarbo biyu. Honda Accord ta 2018 ma akwai mai injin lita 1.5 da tarbo. Saboda haka direban da ya saba da Peugeot 504 ta Kaduna, lalle ne ya sake koyon wasu halaye.

3. Abin Da Ba Ciwo Ba Ne

Kafin a zargi inji, sai a kawar da abubuwan da su kan yi kama da ciwo. In inji yana juyi a hankali, hayaƙinsa bai isa ya kori fanka ba, saboda haka in direba ya taka totur cikin babbar giya sai mota ta ɗan yi jinkiri kafin ƙarfi ya zo. Wannan halin tarbo ne, maganinsa a sauko da giya.

Haka kuma zafin rana. A watannin bazara, sa'ad da zafi ya kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, iska ta kan yi sako-sako, kwamfuta kuma ta kan rage wa inji ƙarfi da gangan don ta tsare shi. Tudu ma haka. Injin da ba shi da tarbo ya kan yi hasarar kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau, watau a Jos, wadda tudunta ya kai wajen mita 1,200, hasarar ta fi kashi 10. Mai tarbo ya kan cike yawancin wannan giɓi, amma da ƙarin wahala. Shi ya sa ƙaramin ciwon da ya ɓuya a filin Kano ya kan tonu a hawan Filato ko na Mambila.

Daɗin daɗawa, a duba lodi, da iskar taya, da birki. In bayan 'yar tafiya wata ƙafa ta fi sauran zafi ƙwarai, birkinta ne ke kamawa. In kuwa an taka totur inji ya yi ta ruri, allurar juyi ta hau, amma gudun mota bai ƙaru ba, to, kuloci ne ya cinye ko kuwa giya ce ke zamewa. Duk waɗannan ba ruwan tarbo a ciki.

4. Tambayoyin Da Za A Yi Wa Direba

Direba shi ne shaidar farko, gama shi ke tare da mota dare da rana. Sai a kira shi cikin natsuwa, ba da faɗa ba, domin mai jin tsoron a kama shi da laifi ba ya faɗin gaskiya duka. Malami ya rubuta amsoshinsa:

(a) Ƙarfin nan farat ɗaya ya ɓace, ko kuwa a hankali cikin makonni? Na farat ɗaya ya kan nuna abin da ya tsage, ko ya kwance, ko ya maƙale. Na a hankali kuwa ya kan nuna abin da ke toshewa.

(b) In an kashe mota aka sake tayarwa, ƙarfi ya kan dawo na ɗan lokaci? In haka ne, kwamfuta ce ta ga abin da bai gamshe ta ba, ta ɗaure wa inji ƙafa don ya lallaɓa ya kai gida. Wannan kariya ce, kuma dalilinta yana rubuce a cikin kwamfutar.

(c) Wace fitila ta kama a gaban direba, kuma tun yaushe?

(d) A ina aka sha mai na ƙarshe, kuma ciwon ya biyo bayan shan man ne?

(e) Wane aiki aka yi wa mota kwanan nan? Sau da yawa ciwon da ya biyo bayan gyara, ɗan gyaran ne ya haife shi, kamar kilif da aka manta ba a ɗaure ba, ko wayar sensa da ba a mayar ba.

5. Shaidar Hayaƙi Da Ƙara

Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. Ko dai iska ba ta samun shiga, ko tana zurarewa a hanya bayan an auna ta, ko kuwa nozul yana zubar da mai fiye da kima.

Shuɗin hayaƙi mai ƙaurin baƙin mai yana nufin inji yana ƙona baƙin mansa. Mai yiwuwa daga tarbo ne, amma ringi da su ka cinye su ma su kan kawo shi, haka kuma toshewar bututun da ke mayar da baƙin mai daga tarbo zuwa gindin inji, ko toshewar hanyar numfashin inji.

Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, in ruwan lagireto yana raguwa tare da shi, alamar gaskit ce. A injin gas kuwa ta yiwu gas ne bai ƙone ba.

Game da ƙara, 'yar siririyar fito da a kan ji in tarbo ya ɗauka ba kome ba ce. Amma huci mai ƙarfi kamar na kububuwa sa'ad da aka taka totur, iska ce ke tserewa. Kuka mai hawa da sauka kamar jiniya, ko ƙarar gogar ƙarfe da ƙarfe, wannan daga fanka ne, kuma ya wajaba a tsaya.

6. Bin Sawun Ciwo Daki Daki

Ƙa'idar ita ce a fara da abin da ya fi araha da sauƙin dubawa, a ƙare da mai tsada. Makaniken da ya fara da kwance tarbo ya fara daga ƙarshe.

Na farko, matatar iska. A ƙasar nan ita ce abar zargi ta fari, musamman daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da hunturu ke kwaso ƙura daga Hamada, da kuma ga motar da ke bin hanyar burji kullum. Adadin kilomitar da aka rubuta a littafin mota bai isa abin dogara ba a irin wannan ƙura, sai an buɗe an gani da ido. In an ɗaga ta a rana haske bai ratsa ta ba, a canja ta. Kada a wanke matatar takarda da ruwa ko fetur, kada a huda ta, kada kuma a cire ta a ce mota ta sha iska. Yashin da ya wuce ta kai tsaye zai faɗa wa fankar da ke juyi dubu ɗari da hamsin, ya cinye bakinta kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. A duba kuma tiyon da ya tashi daga matata zuwa tarbo, gama in ya tsufa ya yi laushi ya kan shafe in an taka totur, ya koma daidai in an saki.

Na biyu, hanyar iska mai matsi, watau daga tarbo zuwa lagireton iska, daga nan zuwa inji. Nan ne ciwo ya fi yawan ɓuya. Tsagar da ke jikin tiyo ba ta ganuwa in mota tana tsaye, sai matsi ya zo sa'an nan ta buɗe baki. A bi kowane tiyo da hannu inji yana kashe, a matsa shi, a duba ƙarƙashinsa. Inda aka ga jiƙon baƙin mai da ƙura ta manne a kai, nan iska ke fita. Makanike mai kayan aiki ya kan toshe bakin hanyar, ya hura mata iska kaɗan ko hayaƙin gwaji, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗai, inda kumfa ya tashi nan ne ɓarakar. Lagireton iska kuma tsakuwa ta kan huda shi, laka da ƙaiƙayi da ƙwari su kan toshe saƙarsa, sai iska ta shiga inji da zafinta. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi.

Na uku, ƙofar hayaƙi da masu sarrafa ta. In ta maƙale a buɗe, hayaƙi zai riƙa kewaye fanka, matsi ba zai taru ba, ko da tarbo lafiyarsa lau. In ta maƙale a rufe, matsi zai wuce iyaka, mota ta yi wani irin ƙarfi na ɗan lokaci sa'an nan ta yanke farat ɗaya. Kada direba ya yi murna da irin wannan ƙarfi, gama yana iya ƙona gaskit ko ya fasa fistin. Abin da ke jan ƙofar nan ɗan gwangwani ne mai tantani a ciki, ko kuwa ƙaramin motan lantarki, da 'yan siraran tiyo waɗanda zafi ya kan busar har su tsattsage. Tiyo ɗaya wanda bai kai kaurin ɗan yatsa ba ya isa ya kwantar da babbar mota. A injin gas mai fikafikai, kunkunniya ce ta kan ɗaure su, musamman ga motar da ba ta yin doguwar tafiya, kullum tana tsaye ƙofar fada inji yana aiki domin sanyaya ɗaki. Sau da yawa wankewa ta kan wadatar. Injin fetur kuma yana da wani bawul mai sakin iska in an ɗaga ƙafa daga totur, in tantaninsa ya yage sai matsi ya riƙa zurarewa ta nan.

Na huɗu, sensa. Akwai mai auna yawan iskar da ta shigo, tana bayan matata, akwai kuma mai auna matsi. In ƙura ko kunkunniya ta rufe su sai su faɗa wa kwamfuta ƙarya, ita kuwa ta yi hukunci bisa ga abin da aka faɗa mata. Ana wanke su da ruwan feshi na musamman, ba a taɓa cikinsu da tsinke ko tsumma.

Na biyar, hanyar fitar hayaƙi. Injin da ba ya iya fitar da numfashi ba ya iya jawo wani. A cikin salansa akwai wata saƙa mai tace hayaƙi wadda kanikawa ke kira indomi, a motocin gas na zamani kuma akwai matatar kunkunniya. In sun toshe, mota ta kan tashi lafiya amma ta kasa gudu, abin ya riƙa tsananta in inji ya yi zafi. Fasa su a zubar ba gyara ba ne, sai an nemi abin da ya toshe su. Akwai kuma bawul mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, in ya maƙale a buɗe sai ƙarfi ya faɗi, baƙin hayaƙi ya tashi. In kuma hayaƙi yana fita ta wata tsaga kafin ya kai ga tarbo, za a ga baƙin tabo a wurin.

Na shida, mai da wuta. Filtar gas da ta toshe ta kan bar mota ta yi tafiyar gari lafiya, amma ta gaza a hawa. Ruwa a cikin gas ya kan lalata famfo da nozul, don haka a riƙa tsiyaye matarar ruwan da ke ƙarƙashin filta. Gurɓataccen fetur ya kan sa inji ƙwanƙwasa, kwamfuta kuwa da ta ji haka sai ta rage ƙarfi. Ba a manta da fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi Nijeriya a farkon 2022 ba, wanda ya jawo wa masu motoci hasara. Filogi da kwayil da su ka gaji su ma su kan yi aiki in ana tafiya a hankali, amma da matsi ya hau sai wuta ta riƙa tsallake, mota ta riƙa fizga.

Na bakwai, kuma na ƙarshe, shi ne tarbo kansa. Sai inji ya mutu ya huce sarai, sa'an nan a cire tiyon bakinsa a haska fitila. A duba ko fikafikan fanka sun lanƙwashe ko sun guntule. A juya ta da yatsa, ya kamata ta juya sumul. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne, gama wurin baƙin mai ne, muddin fanka ba ta gogar gidanta. Amma motsi na ciki da waje da hannu ke iya ji, ko alamar guga a jikin gida, su ne shaidar mutuwarsa. Ɗan maiƙo a cikin tiyo ba hujja ba ne, kusan kowace mota mai tarbo tana da shi. Baƙin mai kwance a lagireton iska shi ne abin tsoro.

7. Na'urar Bincike

Tun daga 1996 motocin da a ke sayarwa a Amurka su ke zuwa da wata kafa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ma ta bi sawu a motocin fetur a 2001, na gas kuma bayan 'yan shekaru. Nan a ke jona na'urar da ke karanta abin da kwamfuta ta ajiye. Lambar P0299 tana nufin matsi bai kai ba. P0234 tana nufin ya wuce iyaka. P0101 ta shafi sensar auna iska, P0300 tsallaken wuta, P0087 kuwa ƙarancin matsin mai.

Abin lura a nan shi ne, lamba tana faɗin abin da kwamfuta ta gani ne, ba ta faɗin wanda ya yi laifin. P0299 ba ta ce tarbo ya mutu ba, cewa ta yi iska ba ta isa ba, kuma dukan abubuwan da aka lissafa a sama suna iya jawo haka. Makanike na ƙwarai ya kan fita da mota hanya da na'urar a jone, ya gwada matsin da kwamfuta ta nema da wanda aka samu. Kafin a tayar da inji ma ya kan duba abin da sensar matsi ke nunawa, gama ya kamata ta nuna matsin iskar garin, watau wajen ba 0.95 a Kano, wajen 0.88 a Jos. In ta nuna abin da ya yi nisa da haka, ita ce maƙaryaciyar. Goge lamba ba tare da gyara ba kuwa, kashe fitila ne kawai, ciwon yana nan.

8. Haɗari Biyu

Injin gas yana iya cin baƙin mai kamar yadda ya ke cin gas. In tarbo ya fashe ya tura baƙin mai cikin hanyar iska, inji ya kan ɗauki gudu da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, a kashe makulli amma ya ƙi mutuwa. In motar mai kuloci ce, direba ya taka birki da ƙarfi, ya sa babbar giya, ya saki kuloci don inji ya shaƙe. In hakan ba ta yiwu ba, a fitar da mutane duka, a yi nesa da motar. Kada kowa ya toshe bakin iska da tafin hannunsa ko da rigarsa.

Na biyu, gas a bututun nozul na injin zamani yana da matsin da ya kai ba 1,600 ko fiye, yana iya huda fata ya shiga jiki. Kada a bar yaron gareji ya sassauta bututun nan inji yana aiki, ko ya nemi yoyo da yatsa.

9. In An Tabbata Tarbo Ne

Tarbo ba ya cika mutuwa haka kawai, yawanci akwai abin da ya kashe shi, ko rashin baƙin mai, ko dattinsa, ko wani abu da ya faɗa cikin fanka, ko tsananin zafi. In ba a gano makashin ba, sabon ma zai bi tsohon. Saboda haka a tambayi makanike abin da ya kashe shi, ya kuma nuna shaida. Lalle ne a canja ko a wanke bututun da ke kawo baƙin mai, a juye baƙin mai da filtarsa, a sa sabuwar matatar iska, a kwance lagireton iska a wanke shi daga mai da ɓarɓashin ƙarfe. A zuba wa sabon tarbo baƙin mai ta kafarsa kafin a tayar, a bar inji ya yi 'yan mintoci ba a taka totur ba. Wanda za a saya kuma lambarsa ta dace da ta injin. In ɗan Kwatano ne, a gwada fankarsa kamar yadda aka bayyana kafin a biya, gama araha ba ta ado.

10. Aikin Direba Da Na Malami

Direba ya duba baƙin mai kowace safiya, ya yi amfani da irin wanda littafin motar ya faɗa, kada a sayi na aune wanda ba a san asalinsa ba. In ya tayar da mota da safe, ya ba ta ɗan lokaci, ya kuma yi tafiya a hankali har inji ya yi ɗumi. In ya dawo daga doguwar tafiya ko hawan tudu, kada ya kashe nan take, ya bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu, domin in an kashe shi da zafinsa baƙin man da ya tsaya cikin tarbo ya kan ƙone ya zama gawayi. Al'adar nan ta zuga totur kafin a kashe makulli, a bar ta, gama fanka za ta ci gaba da juyi bayan famfon mai ya tsaya.

Malami kuwa ya ajiye littafi domin kowace mota. Ya riƙa rubuta kwanan wata, da kilomita, da litar man da aka sha da inda aka sha, da ranar juyen baƙin mai, da kowane gyara. In an kai mota gareji, ya rubuta lambar da na'ura ta nuna kafin a goge ta, ya nemi a rubuta masa gwajin da aka yi, ya kuma karɓo tsohon kayan da aka cire ya kawo ofis. Littafin nan shi zai fara nuna ciwo, gama motar da shan manta ya ƙaru ba dalili ta soma ba da sanarwa ke nan. Shi ne kuma zai wanke direba mai gaskiya, ya wanke Malamin kansa ranar binciken kuɗi.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wa direbobinsu wannan bayani, su kuma hana fita doguwar tafiya da motar da ƙarfinta ya ke yankewa, ko da taron da za a je mai muhimmanci ne. Motar gunduma dukiyar talakawa ce, rayukan da ke cikinta kuwa ba su da madadi. Rigakafi ya fi magani.